Baba Ba Ya Son Sanyi

Litinin, 8 ga Disamba, ƙarfe tara na safe

Bari in fara da gyara wani kuskure, tunda malamar makaranta ba ta iya buɗe baki ba ta gyara wani abu ba. Mukan ce sanyi ya shige ni, ko mu ce a rufe ƙofa kada sanyi ya shigo. Ni ma haka nake faɗa. Amma sanyi ba ya shiga ko'ina, ba shi da ƙafa. Ɗumin jikinka ne yake fita, ya koma wurin abin da bai kai ka ɗumi ba, kai kuma ka ji rashinsa ka raɗa masa suna sanyi. Bargo ma ba ya ba ka ɗumi. Naka yake tsare maka.

Na sha koya wa 'yan ajina wannan a Kakuri ina sharce gumi. Yau ga ni ina rubuta shi a cikin tanti a Antatika, can ƙarshen duniya ta kudu, da fensir, don tawadar biro ta daskare tun ranar da muka sauka. Na yi wa yaran alkawarin zan rubuta komai in karanta musu in na dawo. To ga shi na fara.

Mu shida ne a sansanin. Huɗu masu bincike ne, suna haƙa ƙanƙara suna zaro ta sanda-sanda, don su gano irin iskar da ake shaƙa a duniya tun kafin kakanninmu. Na biyar Tony, shugaban sansanin, mutum ne mai tsadar magana. Ta shidan ni ce, Eunice Nuhu, malamar da aka ɗauko daga Kaduna don ta gani da idonta ta koma ta ba yara labari. Tanti ɗaya muke kwana da Jessica, ɗaya daga cikin masu binciken, 'yar Afirka ta Kudu, mai dariya kamar tana tari.

Babu itace, babu tsuntsu, babu ko ƙwayar ƙasa. Duk inda ka duba fari ne. Rana kuma ba ta faɗuwa a wannan watan, zagaye kawai take yi a kanmu kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Na bar agogona a lokacin Kaduna, in ba haka ba zan rikice.

A ƙarƙashin duk manyan kayan sanyin da aka ba mu, ina sanye da tsohuwar suwaitar Baba, mai ruwan ƙasa, mai faci a gwiwar hannu. Ranar da zan taho ya cire ta daga jikinsa ya miƙo mini.

"Ungo, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Baba, can fa za a ba mu kaya na musamman."

"Na musamman ɗin sun san ki? Wannan ta san gidanmu."

Na karɓa ina dariya.

Laraba, 10 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Aikina uku ne: in narka ƙanƙara mu samu ruwa, in rubuta lamba a jikin kowace sanda da aka zaro, in yi ta tambaya. Na ukun ne na fi ƙwarewa a kai. Ruwa a nan wahala ne. Ka cika tukunya taf da dusar ƙanƙara, ka ɗora a risho, ka jira, ƙarshe ka samu abin da bai wuce kofi biyu ba. Daga yau ba zan sake zagin famfon unguwarmu ba.

Jessica ta jefa ɗan guntun tsohuwar ƙanƙara a kofina ta ce in kasa kunne. Sai na ji tana ƙara, ƙis, ƙis, ƙis. Iskar da ta maƙale a ciki tun zamanin da ba wanda ya sani ce take fita. Na yi ihu kamar yarinya. Yara, da kuna nan!

Akwai wayar satalayit guda ɗaya, kowa yana samun 'yan mintuna. Na kira gida. Ƙanwata Celina ta ce kowa lafiya, sai dai Baba yana ɗan tari, ba wani abu ba ne. Na ji muryar Alhaji Yahaya daga baya. Abokin Baba ne tun suna aiki a masaƙa, kullum sai ya taso daga Makera su zauna a ƙofar gida suna dara. Ƙadangare yake kiran Baba, saboda duk inda rana ta koma, can Baba zai ja kujerarsa.

"Ki gaya wa yayarki ta turo masa ƙanƙara ya jiƙa ya sha!" in ji Alhaji.

Baba ya karɓi wayar. "Rabu da wannan tsohon, hassada ce, nasa 'ya'yan ko Zariya ba su wuce ba. Kina sa suwaitar?"

"Tana jikina, Baba."

"To madalla."

Mutumin da bai taɓa shan ruwan firji ba, shi ne 'yarsa ta zo nan. Yakan ce tun da aka rufe masaƙa, aka raba shi da zafin injina, jikinsa bai sake ɗumi ba.

Juma'a, 12 ga Disamba, ƙarfe biyu na rana

Iska ta taso.

Tun da safe Tony ya dubi gabas ya ce a tattara kayan aiki. Muka ƙara danne gefen tantuna da ƙanƙara, muka ja igiya daga kowane tanti zuwa tantin girki, daga nan zuwa makewayi. Doka ɗaya ce: in ka fita, hannunka a kan igiya. Ka sake ta, ko da tantinka yana gabanka, ba za ka gan shi ba.

Na ɗauka tsoratarwa ce, sai da na leƙa. Sama da ƙasa sun haɗe, kamar an tsoma mutum a ƙwaryar nono. Na miƙa hannu ban ga ƙarshensa sosai ba. Kuma ba daga sama dusar take zubowa ba, ta ƙasa ce iska take kwasa tana watsa mana.

Ƙarar ce ta fi damuna. Tantin yana kaɗawa, yana bugawa, ba hutu. Ta tuna mini da ranar da Baba ya shiga da ni masaƙa ina ƙarama, na toshe kunne, shi kuma yana ta magana da Alhaji Yahaya da hannu suna dariya.

Tony ya ce irin wannan takan yi kwana biyu ko uku.

Asabar, 13 ga Disamba, tsakar rana

Kwance. Shayi. Kwance. Mukan fita bi da bi da shebur mu tone ƙofar tanti da ramin da hayaƙin risho yake fita. Ka gama tonewa, kafin ka juya ta cike. Jessica ta koya mini wani wasan kati, na cinye ta, ta ce malaman Najeriya ba su da amana.

Yadda ake zuwa makewayi a irin wannan rana, wannan ba zan karanta wa yara ba.

Lahadi, 14 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

Dusa ta rufe faifan sola, batir ya yi ƙasa, don haka Tony ya rage kiran waya. Na bi igiya na je tantin girki na yi nawa.

Celina ba ta ce kowa lafiya ba.

"Yaya, muna asibiti tun ranar Alhamis. Shi ya hana in gaya miki. Ƙirjin ne. Likita ya ce... Yaya, in da hali ki taho."

Wayar nan tana jinkirta murya, sai mu yi ta cin karo, ni ina tambaya ita tana amsa ta baya. Ƙarshe ta kara masa a kunne.

"Uwata. Can ma yamma ta yi?"

"Baba, a nan rana ba ta faɗuwa."

"Ba ta faɗuwa? To me kike nema a Kaduna? Zauna ki sha abinki." Ya so ya yi dariya, tari ya tare shi. Na jira. "Sun ajiye ni a ƙarƙashin fanka. Na ce su kashe, sun ce sauran mutane suna jin zafi."

"Ina zuwa, Baba."

"Kada ki yi gaggawa. Ina nan."

Na gaya wa Tony. Bai yi dogon bayani ba, ya ɗauki oba-oba ya kira babban sansani da ke bakin teku. Ƙaramin jirgi zai zo ya ɗauke ni, daga can in shiga babban da zai tashi zuwa Kef Tawun, a Afirka ta Kudu, ranar ashirin da uku. Amma ƙaramin ba ya sauka sai matuƙi ya ga inda sama ta rabu da ƙasa.

Tony ya ce mu ga gobe.

Litinin, 15 ga Disamba, da safe

Na haɗa jakata. Na zauna a kanta.

Na dubi suwaitar nan da kyau yau. Facin gwiwar hannun, shi ya yi da kansa, da irin ƙullin da suke haɗa zare da shi a masaƙa in ya tsinke. Ita yake sawa kowace safiya a wannan watan. Ban tambaye shi ko yana da wata ba. Na karɓa kawai ina dariya.

Talata, 16 ga Disamba

Iska. Tony ya ce mu ga gobe.

Alhamis, 18 ga Disamba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

A irin wannan iska ba wanda yake zuwa tantin wani. In da magana, ta oba-oba ake yi.

Muna kwance sai muka ga igiyar ƙofa tana motsi. Tony ne. Ya shigo da rarrafe, gemunsa duk ƙanƙara, ya zuge ƙofar a hankali, ya daɗe yana kakkaɓe takalmansa. Sannan ya cire hularsa. A nan ba a cire hula.

Ya ce saƙo ya shigo daga ƙanwata.

Jessica ta kashe rishon da take dafa shayi, ban san dalili ba. Daga baya ta sake kunnawa.

Ba zan rubuta sauran ba.

Juma'a, 19 ga Disamba

Na narka ruwa. Na tone ƙofa. Na narka ruwa.

Asabar, 20 ga Disamba, ƙarfe uku na rana

Tony ya ba ni nasa mintunan ya haɗa da nawa.

Gidan cike yake, ina jin matan zumunta suna waƙa a tsakar gida. Celina ta miƙa wayar ga Baba Ƙarami Alexander, ƙanin Baba, wanda ya iso daga ƙauye jiya.

"'Yata, sai haƙuri. Ubangiji ya ba mu, ya kuma karɓi abinsa. Ki kwantar da hankalinki, ba abin da za a yi sai kin zo. Kin san gidanmu, ɗan fari ne yake soma zuba ƙasa a kabari. Haka shi ya yi wa kakanku, haka za ki yi masa. Za mu kai shi gida, kusa da mamanku, amma sai ƙafarki ta taka ƙasar nan."

"Baba Ƙarami, ban san ranar da jirgi zai zo ba."

"Ba komai! Mun samo masa wurin ajiyar gawa mai kyau a Barnawa. Suna da babban janareta, wuta ba ta ɗaukewa ko na minti ɗaya. Ko wata biyu ne, zai jira ki."

Na ce na gode. Har sau biyu na faɗa. Don alheri yake nufi, na sani. Mutumin nan ya bar girbinsa a gona ya taho.

Na kama igiya zan koma tanti, sai na tsaya a tsakiya. Ba na ganin inda na fito, ba na ganin inda za ni. Wuta ba ta ɗaukewa. Ita ce kawai take yawo a kaina.

Baba ya ce mini yana nan. Ga shi kuwa yana nan.

Litinin, 22 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Da hantsi iska ta lafa. Kowa ya fito da shebur, har Jessica da take fama da mura, muka tone tutocin da ke nuna wa jirgi inda zai sauka. Ba wanda ya yi mini magana, ba wanda kuma ya huta. Na fito da jakata na ajiye a bakin fili.

Mun ji shi. Wallahi mun ji shi, a kanmu, ya zagaya, ya sake zagayawa. Amma gajimare ya sauko ya haɗe da ƙasa, babu inuwa, babu tudu, babu kwari. Matuƙin ya yi magana ta oba-oba ya ce ba ya ganin inda zai sa ƙafa. Ya ce a ba malamar haƙuri.

Ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace. Na mayar da jakar ciki. Kafin mu gama shan shayi iska ta dawo.

Talata, 23 ga Disamba, tsakar rana

Babban jirgin ya tashi. Na gaba sai ƙarshen Janairu.

Tony bai ce mu ga gobe ba.

Alhamis, 25 ga Disamba, ƙarfe bakwai na yamma

Kirsimeti. A gida yanzu an gama rabon shinkafa, Celina ta kai ta gidan Alhaji, yara suna yawo da sababbin takalma suna ɗingishi. Bana ban san ko an ɗora tukunya ba.

Mutanen nan sun so su yi ɗan biki saboda ni, ko kuma duk da ni. Aka ce a ɗauko nama, na ce ni zan je, don na gaji da zama ana kallona da tausayi.

Rumbunmu rami ne da aka haƙa a cikin ƙanƙara, aka rufe da katako. Kana sauka, ƙarar iska sai ta yanke. Shiru. An sassaƙa kantoci a jikin bango, an jera kaya, kowanne a naɗe da farin leda, an rubuta suna a jiki.

Na cire safar hannu na taɓa ɗaya.

Ni na koyar da wannan darasin. Wanda ba shi da sauran ɗumin da zai fita daga jikinsa, ba ya jin sanyi. Babu abin da ake ɗauke masa. Na sani. Da ɗalibi zai rubuta mini akasin haka, da jan biro zan bi shi. Na tsaya a ramin ina maimaita wa kaina, ba ya ji, Eunice, ba ya ji.

Ban san daɗewar da na yi ba. Jessica ce ta sauko ta jawo ni. A tanti ta duba yatsuna, sun yi fari kamar kyandir, ƙafafuna kuma ba na jin su. Ba ta yi faɗa ba. Ta tura hannuwana a hammatata, ta cire mini takalma, ta ɗaga rigunanta ta manna tafin ƙafafuna a fatar cikinta. Sai da ta ja numfashi don azaba, amma ba ta sake ni ba.

"Haka ake yi a nan," in ji ta. "Wuta tana ƙona naman da ba ya ji. Jikin mutum ne magani."

Da ɗumin ya fara dawowa, zafin ya wuce misali. A nan ne na yi kukan da ban yi ba tun ranar da Tony ya cire hula. Ita kuma tana ta karkarwa, don nata ɗumin ne yake komowa jikina.

Juma'a, 26 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

Na kira. Alhaji Yahaya ne ya nemi a ba shi wayar.

"Malama Eunice, ya haƙuri? Ni ba ni da ta cewa a al'adarku. Mu kin san yadda muke, da tuni an kai shi makwanci. Ban ce taku ba daidai ba ce, kowa da tasa." Sai ya ci gaba: "Jiya na je na roƙe su, suka buɗe mini na gan shi. Na ce, Ƙadangare, kai ne a nan? Na dafa goshinsa."

Sannan ya ƙara da cewa:

"Shi ke nan, 'yata. Dama abin da zan gaya miki ke nan. Na dafa goshinsa."

Asabar, 27 ga Disamba, ƙarfe goma na safe

Tun ina aji biyu na sakandare na san wata rana ni zan soma zuba ƙasar nan. Ranar da aka rufe Mama, Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Kalli yadda ake yi, nawa ke ce." Duk tsawon kwanakin nan abin da nake riƙe da shi ke nan, kamar igiyar waje. In na sake shi ban san inda zan nufa ba.

Na kira Baba Ƙarami.

"Ku kai shi gida. Kada ku jira ni."

"A'a. A'a, 'yata, baƙin ciki ne yake magana. Me za a ce a gari? A ce 'yar farin Nuhu tana raye, da ƙafafunta, wani ya riga ta? Kunyar nan har jikokinki."

"Baba Ƙarami, ka taɓa ganin ya sha ruwan firji?"

Na ci gaba: "Ko a bikin Celina, da aka miƙa masa lemo mai sanyi, a rana ya ajiye shi sai da ya huce."

Sai na ji wani sauti, na ɗauka tari ne. Dariya ce. "Tun muna yara haka yake! Shi ke kwana a bakin murhu. Da safe Inna ta tashe shi duk toka, kamar an gasa doya." Dariyar ta karye a tsakiya. Na ji yana fyace hanci.

"Ni yanzu na san abin da ake kira sanyi, Baba Ƙarami. Ba zan iya barinsa a ciki har ƙarshen Janairu don in samu zuba ƙasa ba. Duk wanda ya tambaya, a ce ni na ce. Kunyar tawa ce."

"To ke fa? Ƙasar fa?"

"Celina ta zuba sau biyu. Na farkon nawa ne."

Ya ce, "To."

"Kuma a sa masa bargonsa."

"Bargo a cikin akwati? Rabaran zai ce mun koma al'adar da."

Daga baya na ji muryar Alhaji, ashe yana kusa: "A sa masa! In Rabaran ya hana, ni zan je in same shi, ai ya san ni!"

Abu na ƙarshe da na roƙa, kada a yi da sassafe. A bari rana ta take, ƙasa ta sha zafi.

Lahadi, 28 ga Disamba

Yatsuna biyu sun yi bororo. Tony ya ce ba za su lalace ba. Da ƙyar nake riƙe fensir.

Na yi daidai. Na yi daidai? Na yi daidai.

Talata, 30 ga Disamba, ƙarfe biyu na rana

Tun jiya suka ɗauke shi. Sun bi da shi ta ƙofar gida a Kakuri, sun tsaya kaɗan a inda kujerarsa take, sannan suka kama hanyar Kachia zuwa ƙauye. Alhaji ya bi su har can.

Kowa a sansanin ya bar mini batirinsa. Da rana ta take a agogon Kaduna, na zauna a tantin girki na kira. Sauran biyar ɗin suka zauna tare da ni, ba sa jin ko kalma ɗaya ta Hausa, amma duk sun cire huluna.

Celina ta riƙe wayar a buɗe. Na ji Rabaran, na ji waƙa, na ji wani zakara can nesa da bai san abin da ake ciki ba. Na ji kurciya. Na manta akwai kurciya a duniya.

Sai Baba Ƙarami ya ɗaga murya: "Wannan ta Eunice ce, 'yar farinsa. Tana ƙarshen duniya, amma ga hannunta."

Na ji ƙasa ta sauka a kan katako.

A nan babu ƙasar da zan damƙa. Na damƙi hannun suwaitar.

Numfashin Celina ya dawo kusa da wayar. "Yaya," in ji ta. "Yaya, kina ji? Ƙasar da ɗumi."

Laraba, 31 ga Disamba

Na yi barci.

Juma'a, 2 ga Janairu, ƙarfe tara na safe

Iska ta tsaya jiya, tsayawa ta gaske. Sama shuɗiya tas, kamar ba ita ba. Ana ganin inda ta rabu da ƙasa ta kowane gefe. Tony ya ce ƙaramin jirgi zai iya zuwa yau in ina so, amma babban dai sai ƙarshen wata, ko a nan ko a bakin teku jira ne. Na ce a bar shi. An tone injin haƙa, akwai sandunan da ke jiran lamba, ruwa kuma ba ya narka kansa.

In na koma zan je ƙauye in zauna kusa da su biyun, Baba da Mama, da rana tsaka. Wasu za su kalle ni su yi ƙus-ƙus. Su yi.

Na duba abin da na rubuta. Yawancinsa ba na aji ba ne. Zan karanta wa yaran na farko da na biyu da labarin igiya, in tsallake sauran, sannan in ba su aikin gida. Bari in rubuta shi tun yanzu kada in manta yadda nake so in faɗe shi.

Yara, gobe da sassafe, kafin rana ta fito sosai, ku dafa ƙofar ƙarfe da hannu ɗaya, ku dafa benci na katako da ɗayan. Za ku rantse ƙarfen ya fi sanyi. Bai fi ba, tare suka kwana a waje. Ƙarfen ya fi saurin kwasar ɗuminku ne kawai. Kada ku ɗauke hannu. Ku bar shi har wurin ya yi ɗumi, sannan ku tambayi kanku daga ina ɗumin ya zo.

In kun gama, ku duba cikin gida ko akwai wani tsoho da ya ja kujera yana jiran rana. Ku je ku gaishe shi, ku riƙe hannunsa. Za ku ji shi da sanyi. Kada ku yi saurin saki. Ku gwada, ku zo ku gaya mini abin da ya faru.